Yadda Na Shafe Ambaliya da Fenti

Ko na tsufa na rikita sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar da wata injiniya ta gode mini a gaban mutanen unguwarmu ba. Godiya ce wallahi, har da murmushi, amma da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

A unguwar Aljirif muke, layin da ya fi kusa da Bahar (haka muke kiran kogin Nilu). Ni mai fentin mota ne a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masu gareji. Shekarar babbar ambaliya ruwa ya shigo mana har ƙirji, da ya janye ya bar baƙin zane a bangon kowane gida. Muka zauna da zanen shekara da shekaru, har muka daina ganinsa.

Sai wata safiya ga ma'aikatan hukuma da sandunan awo da na'ura mai ƙafa uku, wai za a sabunta taswirar wuraren da ruwa ke ci. Ka tambaye su don me, su ce umarni ne daga sama. To wane irin aiki ne wannan? Ka tsaya a ƙofar gidan mutum kana auna masa ƙasa, ka kasa buɗe baki ka gaya masa dalili? Mu kuwa mun ga yadda aka yi da wasu: a ja jan layi a takarda, katafila ta biyo baya, a kwashe mutane a zube su can bayan Umdurman inda ko inuwar bishiya babu. Kakanninmu da ƙafa suka iso ƙasar nan kan hanyarsu ta Makka, a nan aka binne cibiyarmu, amma har gobe in maganar takardar zama ɗan ƙasa ta tashi mu ake fara kallo.

Bayan la'asar na tara maza a ƙofar masallaci na ce, "Jama'a, in suka ga zanen nan gidajenmu sun tafi. Ku bar mini aikin." (Babu wanda ya naɗa ni shugaba. Baki ne kawai Allah ya ba ni.) Kwana uku ban leƙa gareji ba. Na kankare, na cike, na haɗa launi daidai da tsohon bango, har ƙura na watsa a kai don kada ya yi sabo. Ni da ke gyara motar da ta yi karo mai ita ya kasa gane wurin, bango ne zai gagare ni?

Da injiniyar ta iso layinmu ta ce, "Ya usta, ina ruwa ya tsaya a nan?" (Usta ake ce wa mai sana'ar hannu a nan.)

Na ce, "Ruwa? Iyakarsa wajen masu gasa bulo can ƙasa. Mu nan ko takalminmu bai jiƙe ba."

Ta dube ni, ta dubi bango, ta rubuta. Ranar har shayi na saya wa mutane.

Bayan watanni aka kira taro a filin makaranta, aka kafa taswira a jikin allo. Injiniyar ta ce ba za a tashi kowa ba. Duk inda aka shafa ja, taras za a yi masa, wato ganuwar ƙasa da duwatsu mai tare ruwa. Na leƙa ina neman layinmu. Kore shar. Taras ɗin ya taho tiryan-tiryan, ya zo daidai kwanarmu ya lanƙwasa ya bar mu a waje.

Ta ƙara da cewa, "Awonmu ya nuna wurin kwari ne, har mun yi mamaki. Amma bango ya shaida, usta ma ya tabbatar mana. Muna gode masa."

Kowa ya juyo yana kallona. Kuma ku duba fa, mutum da na'urarsa mai tsada, na'ura ta gaya masa gaskiya, ya bar ta ya bi fenti. Har yau abin yana ci mini rai.

Daga ɓangaren mata mahaifiyata Hajja ta miƙe da sandarta. Ta ce wa injiniyar, "'Yata, taso in nuna miki abu." Ta nuna ni da sanda. "Kai ma taso, kai za ka ja kabad."

Rabin taron ya biyo mu har ɗakinta. Na ja kabad ɗin kayanta da hannuna, wanda ƙyuya ta hana ni matsarwa ranar fenti. Ga zanen nan baƙi ƙirin. Hajja ta sa na tsaya a jikinsa, ya zo mini daidai aljihun riga.

Injiniyar ta ce, "Takalminku bai jiƙe ba, ya usta?"

Hajja ta riga ni amsawa. "Bai yi ƙarya ba. A kansa ya ɗora takalman, ni kuma ya goya ni a baya."

Aka fashe da dariya, har liman sai da ya juya fuska. Ni dai ina manne da bango, na rasa inda zan sa idona.

Injiniyar ta auna, ta rubuta, sannan ta ce an riga an sa wa taswira hannu, gyara sai zagaye na gaba. Gyaran layi ɗaya a takarda, wai sai zagaye na gaba. Da tun farko sun faɗi kalma ɗaya, "taras", da ni da kaina zan ƙara wa zanen nan baƙi.

Daminar nan Bahar ya cika ya taso. Da hannunmu muka cika buhunan ƙasa muka tare bakin layi. Da aka zo rabon wuraren tsayuwa, aka ba ni inda ya fi zurfi. Ban tambayi dalili ba.

Tun daga nan in ma'aikaci ya tambaye ni abu, sai na tsare shi ya gaya mini me zai yi da amsar. In kuma na ji wata dabara ta taso mini don ceton jama'a, wajen Hajja nake fara kai ta.