Ruwan da Na Ƙara wa Jarkar Maigidana

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya zo ya kwashe min sauran abubuwa, da ranin farko da na yi a gidan mijina, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Shekara ta dubu biyu da 'yan kai ce, lokacin da wayar hannu ta fara leƙo ƙauye, sai mutum ya hau tudun kanal na ban ruwa yake samun magana. Ni kuwa 'yar birni ce, haifaffiyar cikin ganuwar Kano, kuma ban bar birnin a gida ba, da shi na taho a kaina (har yau in na tuna irin takun da nake yi a tsakar gidan nan sai in rufe fuska da hannu).

Gaskiya garin ya shiga raina tun satin farko, ko da yake da wuƙa a wuya ba zan faɗa ba a lokacin. A birni na saba rani fari ne fat. A nan kuwa in na tsaya a kan turmi na leƙa ta katanga, kore ne iya ganina: alkama, albasa, tumatir, ga ruwa yana tafiya a hankali a cikin kanal, ga balbelu suna sauka suna tashi kamar ba su da aikin yi. Da yamma ƙamshin shinkafar da mata ke turarawa ya cika gari, hayaƙi ya kwanta a kan rufin gidaje bai tafi ko'ina ba. Sai in tsaya a kan turmin nan ina ta kallo har ƙafata ta yi tsami, ina saƙa rayuwar da za mu yi idan tumatir ya yi kuɗi.

Hayaƙin nan da nake sha'awa daga nesa, shi ne ba na so ya matso kusa da ni. Itace ya yi tsada, daga nesa ake kawo shi a mota, don haka matan gari da karan masara suke girki, ko da buntun shinkafa da ake kwasowa daga injin casa. Idonsu ja, tukwanensu baƙi ƙirin. Ni kuwa a cikin kayan ɗakina akwai risho sabo fil mai lagwani goma, kuma na yi wa kaina alkawari gindin tukunyata ba zai taɓa yin baƙi ba. In na kunna shi sai in ja kujera in zauna ina kallon wutar nan shuɗiya tana zagaye, ba ƙara, ba toka. A cikinta nake ganin ɗakin mahaifiyata da titin unguwarmu. Sau nawa miya ta kama ina can ina yawo a Kano.

To, sai kananzir ya yi wuya. A gidajen mai babu, a hannun 'yan bumburutu kuma sai wanda ya shirya. Maigidana mutum ne mai sanyin magana. Wata safiya ya zauna a bakin gado ya yi min bayani a hankali cewa daga yau kwalbar da yake kawo min ta fitila ce kawai, girki kuwa in riƙa zuwa sashen Inna, mahaifiyarsa, in ɗora a murhunta har abubuwa su yi sauƙi. Na ce to. Irin “to” ɗin da ba ta wuce leɓe ba.

Shi ma ba don rowa ya faɗa ba. Gonarsa ta tumatir a kan ɗan tudu take, ruwan kanal ba ya hawa sai da injin ban ruwa. Injin na haɗaka ne, su uku suka saya, kowa da ranarsa, kowa da mansa. Irin injin nan ne da ake tayarwa da ɗan fetur, in ya kama sai a juya shi kan kananzir. Ruwan kuma ba kullum ake sakinsa a ƙaramin kanal ɗinsu ba, in ranarka ta wuce sai ka jira wani zagayen. Saboda haka ya tattara abin da yake da shi ya cika jarka guda a wurin Iya Tabawa, wata dattijuwa maƙwabciyarmu da mijinta ya rasu, wadda sayar da kananzir a kwalba shi ne cinta, shi ne shanta. Ya kawo jarkar ya ajiye a lungun ɗakina, wai nan ne nesa da wuta.

Wato ya ba kura ajiya, shi bai sani ba.

Kwana biyu na daure ina zuwa murhun Inna. Na koma ɗaki da majina da hawaye, gyalena yana warin hayaƙi, tukunyata ta aure ta yi gemun baƙi. Rana ta uku na tsaya a gaban jarkar nan muka kalli juna. Kwalba ɗaya kawai, na ce wa kaina, wa zai gane? Na tsiyaya. Sai da na mayar da ita lungu na lura jarkar irin ruwan ɗorawar nan ce da in haske ya bugi bayanta ana ganin inda mai ya tsaya. Ya sauka da kamar yatsa biyu.

A nan ne basirata ta motsa. Na dubi randa. Kananzir fari ne, ruwa fari ne, to ina matsalar? Na auna kwalba guda ta ruwan randa na ɗura, na rufe, har da girgizawa sosai don su haɗu (ni ce fa wadda ta gama sakandare, har ina yi wa matan gari kallon waɗanda ba su waye ba).

Ranar ban ruwansa ta zo, ya ɗaure jarka a bayan keke ya tafi. Na wuni ina leƙen ƙofa. Da yamma ya dawo da taɓo har gwiwa yana murmushi, ya ce injin ya yi aiki kamar sabo. Ban san cewa ruwa ƙasan jarka yake komawa ya kwanta ba, shi da ni duk mai zalla muke tsiyaya daga sama. Ni dai na ɗauka na gano wani sirri da duk masu ilimin ƙasar nan suka kasa ganowa. Wallahi har zama nake a gaban risho ina jin muryata a rediyo, ana tambayata, Hajiya, yaya aka yi kika gano wannan hanya ta sauƙaƙa wa talaka? Ni kuma ina amsawa cikin ƙanƙan da kai cewa baiwa ce daga Allah. Kwalba ta biyu ta bi ta farko, ta uku ta bi ta biyu. Na koma girkina a ɗaki, ƙofa a sakaye, ina kunna ɗan turaren wuta don kada warin risho ya fita.

Sati na huɗu tumatir ya yi fure, zafi ya fara tsananta, lokacin da shuka ba ta haƙuri da ƙishi. Ran nan maigidan ya kai ƙarshen jarka, ya kifa ta gaba ɗaya a tankin inji. Daga baya na ji yadda aka yi. Injin ya tashi da fetur lafiya lau, da aka juya shi sai ya yi tari sau biyu ya mutu. Suka yi ta ja har igiyar ta tsinke. Kafin a samo makanike daga Kura la'asar ta yi. Ya kwance ƙasan tanki ya tara gwangwani, ya ɗaga ya nuna wa duk manoman da suka taru: ruwa ne tsagwaronsa, ɗan mai yana yawo a sama. Kafin a wanke injin a ɗaura sabuwar igiya, an rufe ruwan kanal ɗinsu.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Ya shigo ko takalmi bai cire ba, yana cewa tsohuwar da yake gaisarwa a durƙushe, ita za ta sayar masa da ruwa a kuɗin mai. Na kawo masa tuwo, wanda da man nasa aka tuƙa shi, na ajiye. Kuma sai na ji bakina yana cewa, “Allah ya kyauta, mutane yanzu ba tsoron Allah.” Duk abin da na yi a labarin nan, wannan maganar ce ta fi ci min rai.

Kafin gari ya waye zance ya zaga. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Iya Tabawa, kullum da yamma ina jin sallamar masu sayen na fitila da ƙarar mazurarinta a bakin kwalba. Yanzu shiru. Wata ma dawo da kwalbar da ta saya ta yi, ina jinta tana cewa a ba ta kuɗinta, ita ba ta rasa ruwa a gida ba. Kwana uku ina yawo a tsakar gida kamar mai zazzaɓi. In na hau turmi na leƙa, koren nan duk yana nan yadda yake, ni ce dai ba na ganinsa.

Rana ta huɗu da hantsi Iya Tabawa ta shigo wurin Inna, da mazurarinta da gwangwanin awonta a hannu. Inna ta kira ni in kawo wa baƙuwa ruwa (ruwa kuma!). Ina durƙushe ina jin tsohuwar tana cewa ita ba faɗa ya kawo ta ba, a kira liman, a kawo Alƙur'ani, ta yarda ta dafa. Muryarta ko rawa ba ta yi. Ta karɓi kofin daga hannuna ta sa min albarka, ta ce ni kaɗai ce a layin nan ban canja mata fuska ba.

Inna kuwa ni ta zuba wa ido, ta daɗe, sannan ta ce, “Amarya, yau kusan wata guda ban ga ƙafarki a murhuna ba, ɗana kuma bai taɓa kwana da yunwa ba. Da me kike girki?”

Na buɗe baki in ce wani abu mai kama da hankali, sai kuka ya riga shi fitowa. A cikin kukan na faɗi komai, har da girgizawar. Aka aika gona aka kira maigidan. Ya tsaya a bakin ƙofa ya saurara, tambaya ɗaya ya yi min, wai sau nawa. Na ce shida. Ya juya ya durƙusa a gaban Iya Tabawa, kansa a ƙasa, yana neman gafara.

Na ɗauka an gama, saura faɗa a ɗaki. Ina! Inna ta ce maganar nan da ƙafa ta shiga gidajen mutane, da ƙafa kuma za a je a fito da ita. Bayan la'asar ta yafa mayafinta, ta ce in ɗauko jarkar.

Haka muka fita, tana gaba ina biye, rungume da jarka wofi, sanye da gyalen da na adana don zuwa suna. A kowane gida mu yi sallama, in durƙusa in gaida matan gida, Inna ta ce amaryarmu ce ta zo da magana, sannan ta ja bakinta ta yi shiru. Ni kuma in ce, “Ni ce na zuba ruwa a man maigidana. Iya Tabawa ba ta da laifi.”

A gidan farko aka yi salati. A na biyu wata ta tuntsire da dariya har ta zubar da shinkafar da take shanyawa. A na huɗu tsohuwar gidan ba ta ji sosai, sai da na maimaita sau uku, na ƙarshen da ƙarfin da maƙwabta ba su buƙaci mu shiga nasu gidan ba (amma mun shiga). Wata amarya irina ta biyo ni har zaure tana raɗa min, wai don Allah da farko ya yi aiki? Daga gida na bakwai na daina jin ƙafafuna. Rana ta yi ja a kan gonaki, hayaƙin yamma ya fara tashi, na riƙa jin muryata tana faɗar maganar daga nesa kamar ta wata ce, ni kuma ina gefe ina tausaya mata. Gida goma sha ɗaya muka shiga.

Na ƙarshe shi ne na Iya Tabawa. Na durƙusa na roƙi gafara. Ta ce ta yafe duniya da lahira, har ta kama hannuna ta tashe ni. Sannan ta ce, tana goge mazurarinta da bakin zani, “Shekara ashirin ina awo, 'yar nan, ba wanda ya taɓa ɗaga kwalbata ya duba ta a rana. Yanzu kam za su riƙa ɗagawa.”

Tumatir ya zubar da rabin furensa, abin da muka samu a ranin nan bai taka kara ya karya ba, maigidan kuma bai taɓa yi min gori ba. Masu saye sun dawo wa Iya Tabawa. Amma ta faɗi gaskiya. Har ta bar duniya, in na shiga gidanta ina ganin mace ta karɓi kwalba, ana hira ana dariya, sai ta ɗan ɗaga ta sama ta karkata ta wajen haske, ita kanta ba ta san ta yi ba. Iya takan kau da kai, ni kuma in rasa inda zan sa nawa.

Tun daga lokacin, in abu ya ƙare min sai in ce ya ƙare, in abu ya fi ƙarfina sai in ce ya fi. Na gwada duka biyun, na kuma tabbatar: faɗin “ba zan iya ba” ga mutum ɗaya a cikin ɗaki ya fi araha nesa ba kusa ba a kan faɗin “ni ce” a gida goma sha ɗaya.