Injiniya Ghali da Buhunan Masara

Duk faɗin Dangora, in ana maganar ilimin zamani, sai an jira Kawu Ghali ya iso kafin a ci gaba. Shi ne mutum na farko a gidanmu da ya jera biro uku a aljihun gaba, kuma shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, don kada ya wahalar da jami'a. Mu 'ya'yan gida Sarkin Noti muke ce masa, amma a bayan idonsa.

Bara ya harhaɗa wani ɗan injin sassaƙa katako da kwamfuta ke ba shi umarni. Ya ɗora shi kan wani siririn tebur a zaure, ya hana kowa taɓawa. Injin yana da baiwa guda: da an kunna shi sai ya kama rawa. Tebur na rawa, ƙyauren zaure na rawa, kofin shayin Injiniya na tafiya da ƙafarsa. In aka ce ya yanka miƙaƙƙen layi, sai ya fito kamar burtalin shanu a Falgore.

"Wannan ba rawa ba ce," in ji Injiniya. "Ƙarfi ne ya yi masa yawa. Ba za ku gane ba."

Ana nan sai dattawan unguwa suka ce za a kafa allon suna a Islamiyyar da kakanmu, marigayi Malam Shitu, ya assasa. Kawu ya miƙe a gaban jama'a ya ce muddin yana raye, ba mai rubuta sunan mahaifinsa da fenti. Da ajami zai sassaƙa shi, a jikin tsohon ƙyauren ɗakin karatun marigayi. Shi ke nan guda ɗaya, in ya lalace babu wani.

Sai gyara ya tashi. Ya ɗaure notuna har sifana ta lanƙwashe. Ya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa wa ƙafafun tebur. Aka ce ya rage gudun injin, ya ce shi ba ya tafiyar tsofaffi. Can basira ta sauko masa: nauyi! Ya sa aka kwaso buhunan masarar Inna, kakarmu, aka jibge ƙarƙashin tebur, aka ɗaure su tamau a jikin ƙafafu. Tsakani da Allah injin ya natsu, layi ya miƙe. Majalisar ƙofar gida ba ta huta ba.

"Turawa da kankare suke yi," in ji Injiniya. "To, su ke nan. Ni kuwa na ƙirƙiro fasahar gida."

Abin da zurfin iliminsa bai hango ba, Inna ba ta da wata masarar. Kullum sai an je zaure an ɗebo tiya an kai niƙa. Injiniya kuwa, saboda aikin ƙwaƙwalwa, malmala uku yake tashi da ita, da safe ya nemi ɗumame. Zanen haruffa a kwamfuta ya ɗauke shi watanni, domin kullum sai ya ƙara girman sunansa da ke ƙasan allon. Kafin ya gama, buhunan sun rame sun kwanta.

Ranar sassaƙa ya tara dattawa a zaure, ya karya hula, ya danna maɓalli. Injin ya tuna tsohuwar sana'arsa. Haruffan sunan Malam suka riƙa fitowa suna karkarwa, gumi na bin wuyan Injiniya.

Aka shiga da allon wurin Inna. Ta daɗe tana shafa shi da yatsa.

"Ikon Allah. Rubutun Malam ke nan sak, lokacin da hannunsa ya fara rawa. Ghali, ina ka samo shi?"

Kawu ya share gumi, ya gyara birukansa.

"Ai tun farko hannun Baba nake koya wa injin, Inna. Ba kowa zai iya ba."

Dattawa suka yi ta sa albarka, allon ma yana can a kafe har yau. Da aka sauke tuwo, Inna da kanta ta tura masa malmala uku, ta ƙara ta huɗu.

"Ci, Injiniya. Liman ma yana son allo mai irin wannan rubutun, ga shi har yanzu da sauran rabin buhu a gabanka."