Wanda Ya Yi Takara Da Kujera

Wani ne a jami'armu nan Manitoba, kullum sai ya ajiye motarsa can bayan filin ƙwallo, ya tako minti ashirin cikin ƙanƙara. Kafin ya iso aji gemu ya daskare, hanci na zuba. Ran nan ya ji an ce duk wanda ya ci muƙami a ƙungiyar ɗalibai ana ba shi wurin ajiye mota a bakin ƙofa. Nan take kishin al'umma ya taso masa.

Ya garzaya ofishin zaɓe, ya tarar da Gurleen mai karɓar takardun 'yan takara.

Ya ce, "Wane muƙami ne ba kowa?"

Ta ce, "Wanne kake so dai?"

"Wanda ba kowa."

"Akwai wakilcin ɗalibai mata."

Ya shafa gemu. "Wuce."

"Na 'yan asalin ƙasa."

"Kakata ta taɓa maƙwabtaka da su."

"Malam, maƙwabtaka ba ta ciki. Akwai na masu buƙata ta musamman."

"Yawwa! Bayana kan yi ciwo in an yi sanyi."

"Duk garin nan bayansu na ciwo. Saura na manyan ɗalibai, waɗanda suka dawo karatu bayan sun haura talatin."

Gogan naka ya buga tebur. "Watan jiya na cika talatin da ɗaya! Rubuta ni!"

Gurleen ta rubuta, ta ce, "Amma fa ko kai kaɗai ne sai an kaɗa ƙuri'a, Eh ko A'a. Ranar muhawara kuma mukan ajiye kujera ba kowa a gefenka. Ita ce A'a."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kujera? To Allah ya ba ta sa'a."

Washegari ya sayo donat kwali takwas ya tsaya bakin ɗakin cin abinci. 'Yan aji ɗaya suka yi masa caa, suka cinye tas, har sukarin ƙasan kwali. Ya ce, "Kar ku manta da ni ranar Alhamis." Wata tana lasar yatsa ta ce, "Ayya kawu, mu ai ba mu da ƙuri'a. Sa'anninka ne kawai ke yi."

Ranar muhawara da tsakar rana manyan ɗalibai bakwai suka zo, wasu ko kayan aiki ba su cire ba. Cikinsu har da Doreen, wadda ta shekara talatin tana tuƙa bas kafin ta dawo karanta tarihi. Mutumin ya miƙe ya hau zuba. Doreen ta ɗaga hannu.

"Ɗan nan, ɗakin karatu a hawa na uku yake, gwiwata kuma..."

"Zan zo nan, Mama! Amma kin san nisan filin ƙwallo daga nan?"

Wani dattijo ya ce, "Darasin yamma yana hana ni ɗauko jikata daga..."

"Baba, da a bakin ƙofa motar wakilinku take, da wallahi duk ba a yi haka ba!"

Minti ashirin cif yana abu ɗaya, mota, ƙanƙara, gemu. Ni kaina da ke leƙe ta taga sai da na ji kunya ta kama ni.

Da ya zauna Gurleen ta duba agogo ta ce, "Doka ta ce kowane ɓangare lokaci ɗaya. Yanzu minti ashirin na kujera ne."

Ɗaki ya yi tsit. Kujera dai ba ta ce uffan ba. Can Doreen ta gyara murya ta ƙarasa zancen gwiwarta. Wata ta ce ai akwai ƙofar baya mai na'urar hawa, zo in nuna miki. Dattijo ya faɗi nasa, wani ya ce makarantar jikar tana kan hanyarsa, shi zai riƙa ɗauko ta. Aka yi musayar lambobin waya, ana ta dariya. Mutumin ya buɗe baki, Gurleen ta ce, "Shiru, ba lokacinka ba ne." Da minti ashirin ya cika, dattawa suka miƙe tsaye suka tafa wa kujera.

Ranar Alhamis sakamako ya fito. Eh ɗaya, A'a bakwai.

Ya je wa Gurleen ido jajur. Ta ce in A'a ta ci akan sake buɗe takara, yana iya sake fitowa. Ya fito da gudu, ya hango Doreen a tashar bas, ya bi ta yana zamewa kan ƙanƙara.

"Mama! Mama Doreen! Za a sake zaɓe. Don girman Allah, wannan karon za ki ba ni?"

Ta dube shi sama da ƙasa, ta gyara hular sanyinta.

"Ya danganta, ɗan nan. Kujerar za ta sake fitowa?"