Harawar Dokin Ƙarfe

Jiya da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, na sha ƙasa a gangaren da ke sauka bakin kogin Binuwai, ni da keke da jakar wasiƙu. Na ja birki, birki ya ce bai san da zancen ba. Kafin in gama salati na tsinci kaina zaune cikin taɓo har ƙugu, jirgin ruwan da zan kai wa saƙo kuwa yana ta busa yana barin garinmu Garuwa. 'Yan dako suka yi dariya har da riƙe ciki. Ban ga laifinsu ba, da ni ne a tsaye da na fi su.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai kai wasiƙun wani ofishi a garin nan, kuma da aikin nake ciyar da matata Luba da 'ya'ya huɗu. Keken ya zo ne bara a jirgin damina. Da Bajamushen da muke yi wa aiki ya faɗi sunansa da yarensu, tafinta ya sosa ƙeya ya ce dokin ƙarfe. Nan take Mai Girma Uban Barga, mai kula da dawakin ofis, ya ce ai duk abin da aka kira doki a hannunsa yake. Tun daga ranar ake fitar wa keke harawa da dusa da kanwa duk mako. Allah ya saka wa manya, ban taɓa ganin dabba mai kunya irin wannan ba. Ba ta cin abinci a gaban mutane, amma in gari ya waye ba ka samun ko tsinke. Dawakin gidan Mai Girma kuwa sai sheƙi suke yi.

Tun farkon damina nake roƙon abu biyu, man kaca da sabuwar robar birki. Aka ce doki ba ya shan mai, in kuwa tsayawa nake so a ba ni linzami. Maƙwabcina Babagana mahauci ne ya tausaya mini, yake ba ni kitse in narka in shafa. Kaca tana juyawa lafiya lau, sai dai karnukan unguwa duk sun san ni.

Kada ku ɗauka ban iya hawa a ruwa ba ne. Na san a rage wa taya iska kaɗan, a fara jan birki tun daga nesa, a naɗe riga a ƙugu kada kaca ta ci ta, kududdufin da ba ka san zurfinsa ba kuma ka kewaye shi. Wallahi babu daɗi kamar ka bi hanyar kasuwa bayan ruwa, iska mai sanyi na kaɗa ka, ƙasa na ƙamshi. Amma duk dabararka, birkin da robarsa ta cinye ba ya jin magana.

Da azahar aka kira ni. Bajamushe na zaune fuska a murtuke, Uban Barga na gefensa, tafinta a tsakiya. Maganar a fili take: in laifin mahayi ne, in ajiye jaka in kama gabana. Da ma da na je gida canja kaya Luba ta ja mini kunne, ta ce hatsinmu ba zai kai kaka ba, in iya bakina. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. In na ce ƙarfe ne kawai mai son mai da roba, maganar ta bakin tafinta za ta bi, shi ma kuwa yana da doki a gida mai cin rabonsa na harawar.

Uban Barga ya dube ni ya ce, "To, kai da kake hawansa, me ya same shi?"

Na durƙusa na ce, "Allah ya ja zamaninka, sanyi ne ya kama shi. Tun shekaranjiya nake jin yana tari."

Mai Girma ya yi murmushi, ya ce shi ma ya lura da haka. Ban san abin da tafinta ya juya wa Bature ba, na dai ga ya gyaɗa kai ya buga hatimi. Aka yanke cewa doki ya huta har damina ta wuce, a ninka masa abinci don ya murmure, ni kuma in ci gaba da aikina a ƙafa.

Yau tun safe nake taka laka tsakanin ofis da bakin kogi, jaka a ka. Na biya ta barga na leƙa, na tarar da keken a rumfa, ɗaure a turke, an lulluɓa masa bargo. Babagana ya tambaye ni ko ban ji haushi ba. Na ce na ji ƙwarai, har da kunyar ƙaryar da na yi, amma dai tukunyar Luba tana kan wuta.

Ku taya mara lafiya da addu'a, jama'a. Na ji Mai Girma na cewa in ya warke za a nemo masa goɗiya, har an fara ware harawar ɗan da za a haifa.