Rasuwar Zanzaro da Notin da Ba a Ɗiga wa Ja Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yau warin fetur bai sake su ba, mai gyaran keken ɗinki na shagon ƙarƙashin bene yana sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda ƙara ta taɓa hana shi barcin rana, rasuwar ɗan jirginsa na wasa mai saukar ungulu, wanda aka fi sani da Zanzaro. Ya rasu ranar Asabar, makonni uku da suka wuce, da ƙarfe biyar da kwata na yamma, a tsohon filin ƙwallo na bayan masana'antar da aka rufe. Shekararsa shida a duniya. Idan aka tara abin da ya yi a sama, bai cika kwana biyar ba.

A gafarci jinkirin sanarwa. Dalilin yana nan ƙasa, kuma saboda shi aka rubuta ta.

Marigayi ya zo duniya a cikin kwali, gunduwa-gunduwa, tare da littafin bayani a harshen da babu mai jinsa a gidan. Mutum biyu suka haɗa shi a kan teburin shago, tsakanin kawunan kekunan mutane: mai shagon da yayansa, tsohon direban motar ruwa da ya ajiye aiki. Wata huɗu suna bin hotuna da yatsa. Sau biyu suka ɗaura jelar a juye. Yaya ne ya raɗa masa suna, don ƙugunsa siriri ne, kukansa kuwa ya fi jikinsa.

Mai tsari ne, ba ya son gaggawa. Ba ya shan fetur zalla, sai an gauraya masa da baƙin mai an girgiza a kwalba. Sai an kunna rimot kafin a tashe shi, sai an kashe shi kafin a kashe rimot. Farfelunsa biyu sai an auna su, a manna wa marar nauyin ɗan salatif har su yi daidai. A jan igiya na farko yakan yi tari, "kaf, kaf." A na uku ya amsa, "trrrr," sannan ya ɗaga murya har awakin bakin fili su bar ciyawarsu. Shekararsa ta farko, tashinsa bai wuce gwiwar mutum ba, an ɗaure masa sanduna biyu a gicciye don kada ya kife, yana ta tsalle kamar kwaɗo. Ran da ya fara wuce tsayin fitilar titi, Yaya, mutum mai furfura, ya jefa hularsa sama bai bi ta kanta ba.

Bai taɓa ƙarya ba. In mai ya yi masa yawa, hayaƙi zai faɗa. In ya yi kaɗan, kansa zai yi zafi. Yana da nasa aibin: ya taɓa tsinka igiyar shanya da wankin kwana biyu a kanta, kuma tun daga ranar matar gidan, wato matar mai shagon, ba ta kiransa da komai sai "janareton nan naku mai fiffike."

Ciwon irin waɗannan jirage jijjiga ce. Inji yana girgiza jiki, noti yana kwancewa a hankali ba tare da kowa ya sani ba. Don haka 'yan'uwan biyu suka kafa doka. Duk notin da aka ɗaure sai an sa masa gam, sannan a ɗiga masa jan farce daga kwalbar da suka ɗauko a gaban madubin matar gidan, aron da ba a mayar ba. In an kwance noti, a kankare jan. Kuma wanda ya ɗaure ba shi ke dubawa ba. Kafin kowane tashi, ƙanin yakan tsuguna da rimot, Yaya ya zagaya yana bin ɗigon da yatsa, arba'in da bakwai, sai ya daki ƙeyar ƙanin ya ce, "Sun cika, autan tsohuwa. Tashe shi." Autan yana da shekara hamsin da ɗaya.

Shekara biyu ke nan da yanar ido ta fara rufe idon Yaya. Ƙanin ya lura. Ya ga ya zuba shayi a gefen kofi, ya ga yatsan yana bin notin da sani, ba da gani ba. Ya ɓoye masa cewa ya gane. Tun da Yaya ya ajiye mota, Asabar ce kaɗai ranar da yake guge riga ya fita. Sai ƙanin ya ɗauki wata dabara da ya ɗauka alheri ce: ran Juma'a ya duba ɗigon duka shi kaɗai a shago, ran Asabar ya bar Yaya ya ƙirga ya yi shaida.

Jinyar marigayi ta ajali kwana ɗaya ce, kuma bai san yana jinya ba. Ran Juma'a mai shagon ya canza masa bel ɗin jela. Ya kankare jan notin da ke riƙe da ƙaramar farfela, ya kwance, ya mayar da shi da hannu kawai, da niyyar ya sa gam. Sai ga wata tela da keke mai tsallake ɗinki, da kayan mutane a jibge. Ya juya wajenta. Bai dawo kan notin ba, bai kuma yi duban Juma'ar ba. Ran Asabar Yaya ya zagaya, yatsansa ya bi ta kan notin nan tsirara, ya ce sun cika.

Minti shida ya yi a sama, lafiya lau. Sai aka ji "tak." Ƙaramar farfelar ta yi nata wuri. Jirgin da ya rasa jela ba ya iya tsayar da kansa, sai ya shiga juyi a kan kansa, yana kuka da wata murya da ba a san shi da ita ba. Mai riƙe da rimot ya kashe inji don kada ya nufi mutane. Jirgin ya faɗo kusa da ragar gola. Maganarsa ta ƙarshe ta fito daga salansa ne, tana hucewa: "tik... tik... tik."

Yaya ne ya fara isa. Ya durƙusa ya lalubi jelar, ya kai ta dab da idonsa, ya daɗe. Sannan ya ce, "Ni ne. Ban gani ba."

A nan ya kamata ƙanin ya yi magana, kuma ya yi. Ya dafa kafaɗar yayansa ya ce, "Ba komai, Yaya. Ya wuce."

Asabar uku ke nan Yaya bai zo ba. Ya aiko cewa bayansa ke ciwo. Matar gidan ta je dubiya, ta tarar da shi zaune a ɗaki, rediyo a kashe, rigar Asabar a rataye ba guga. Da ta dawo, ta ajiye jakarta ta dubi mijinta, don ita ce ya gaya wa gaskiya tun ranar. Ta ce, "Ka yafe wa bawan Allah laifinka, ka dawo kana cin abinci har da neman ƙari. Kai wane irin mutum ne?"

Mai shagon bai yi karatu mai nisa ba, amma ya saba kwance abu ya ga inda ya lalace. Makonni uku yana juya tambayar a kan tebur. Wa ya kashe Zanzaro? Wanda bai ɗaure ba? Wanda bai gani ba? Ko wanda ya san ba a gani, ya bari aka yi shaida? Duk ta inda ya juya ta, na farko da na uku mutum ɗaya ne. Abin da ya fi ci masa rai kuwa ba notin ba ne, mantuwa ta kowa ce. Yafiyar ce. Ya yi ta da murya mai taushi, ya ji daɗin kansa yana yin ta, ya bar dattijo ya tafi gida ɗauke da gawar da ba shi ya kashe ba.

Don haka a shaida: marigayi ya rasu ne a hannun mai shi. Yaya ba shi da hannu a ciki. An ba shi aikin ido ne bayan an san idon ya tafi, ba a gaya masa ba.

Marigayi ya bar rimot guda, wanda har yau in an kunna shi yana kira ba mai amsawa. Ya bar rabin kwalbar fetur da aka riga aka gauraya, da igiyar tayarwa, da jan farcen da ya fara daskarewa. Ya bar mai walda na shagon kusa, wanda ya gyara masa ƙafa sau biyu. Ya bar matar gida, da ta ce yanzu Asabar ta yi shiru da yawa. Ya bar uba biyu.

Gawa tana kwance a kwalin da ya zo a ciki, a kan kantar sama ta shago. Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu na yamma, a filin da ya faɗi. Ba za a binne shi ba. Za a kwance shi noti bayan noti a kan tabarma, a ware abin da ya mutu da abin da ya suma, don mai walda ya juya injin ya ce akwai sauran numfashi. Wannan aiki na yatsa ne, kuma yatsa ɗaya ne ya san wurin duk arba'in da bakwai ɗin.

Matar gida za ta kai wa Yaya wannan takarda ta karanta masa da ƙarfi, ba tare da ta tsallake layi ba. An tanadi kujerarsa ta roba a inuwar bango. In ya ga dama ya zo da zagi, autan tsohuwa zai tsaya ya ji, ƙeyarsa a buɗe. Ba za a taɓa noti ko ɗaya ba sai ya iso. In bai zo wannan Asabar ba, an ɗaga zuwa ta gaba, da ta gabanta. Marigayi ba ya ruɓewa, zai jira.