Rumbun Sadisu da Jinin Barira

Abokinmu Sadisu malamin jami'a ne, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a majalisa ya san ya shiga uku. Aikinsa a kwamfuta yake: yana tara bayanan furotin, wato sinadaran jiki, musamman masu riƙe ƙarfe da jan ƙarfe. Na mutum, na kifi, na ƙwayar cuta, duk ya jera su a wuri guda, yana kiran abin rumbu. Ranar da aka saka rumbun a intanet, har wani Bajapane ya shiga ya duba, Sadisu ya yini baki har kunne, yana gaisawa da mutanen da bai sani ba. Ni kaina sai da ya rungume ni sau biyu. Washegari yana cikin wannan shauƙi ya raka matarsa Barira awo, tana da tsohon ciki, kwamfutar na rataye a kafaɗarsa kamar jariri.

Malamar asibiti ta ja fatar idon Barira ta duba, ta kalli sakamakon gwaji, ta ɓata rai.

"Malam, matarka ba ta da jini. In ta shiga haihuwa a haka akwai haɗari. Sinadarin ƙarfe ya yi mata ƙaranci. A ba ta hanta, da zogale, da alayyafo, ga kuma ƙwayoyi."

Mai hankali sai ya tambayi inda ake samun hanta mai kyau. Shi Sadisu da ya ji an ambaci ƙarfe, sai ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Nan take ya buɗe kwamfuta a kan teburin awo, ya ture abin gwajin hawan jini gefe, ya fara nuna mata hotunan furotin.

"Sista, ai kin zo gidan ƙarfe! Kin ga wannan ja ɗin? Shi ke ɗaukar ƙarfe a cikin jini. Wannan kuma shi ke ajiye shi a hanta. Wannan shuɗin kuwa, jan ƙarfe yake riƙewa, kuma in babu shi ƙarfen ma ba ya tafiya. Bari in juya miki shi ki ga bayansa."

Matan da ke layi suka fara tsaki. Barira ta sunkuyar da kai don kunya, ga jiri yana ɗibarta. Ta ja hannun rigarsa a hankali.

"Malam, ka ji fa abin da ta ce a saya."

"Kwantar da hankalinki, Barira. Duk furotin ɗin da jikinki ke nema ina da shi a nan, babu wanda ya ɓace mini."

Barira ta ɗago, ta dubi kwamfutar, ta dube shi.

"To madalla. In mun koma gida sai ka wanke mini ita a ƙwarya in sha."