Sarauniya Mai Bille

"Lahiya lau, ya gajiyar mota? To dakata nan bakin ƙohwa, ba a shigo min ɗaki hannu rabbana. Mi kak kawo ma matarka daga Gusau?"

Lukuman ya tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa yana dariya. Ya laluba aljihu ya ciro wani ɗan gilashi da bai kai ƙwayar goro ba, irin wanda ake maƙala wa waya don ta ɗauki ƙananan abubuwa kusa-kusa.

"Ga shi, amarya. Kuɗin goronki na haɗa na sayo shi."

"Miji ke nan. Mazan mutane na kawo turmin atamhwa, nawa ya kawo idon kihi."

Inna Yelwa ke nan, kakarsa ta wajen uba, wadda bakinta bai tsufa ba ko da sauran jiki ya sallama. Shi Lukuman gyaran waya yake yi a Gusau. Kwanan nan wata cuta ta kama shi: ya faɗa cikin wasu mutane a intanet da ba su da aiki sai ɗaukar hoton tsofaffin kuɗi suna yabon juna. Shi kuwa ko anini bai mallaka ba, sai ya tuna da gwangwanin tsofaffin kuɗi na kakarsa a Bungudu, wanda ko 'ya'yan cikinta ba ta bari su taɓa. Da ta aika masa ya zo, ya ɗauka farin jininsa ne. Bai san tsohuwa tana da tata buƙata ba.

Sai da ya zauna ya sha fura ta faɗa masa, tana kallon bango. Tun tana budurwa a Tsafe tana tallar ƙuli-ƙuli, wani baduku mai suna Ɗahiru yakan zo cin kasuwa daga Bungudu. Rannan ya sa basilla ya ja wa sarauniyar da ke jikin sule bille a kumatu, daidai irin na Yelwa, ya miƙa mata ya ce ga hotonta ya ɗauka. Shi ne ya zama kakan Lukuman. Sulen nan ya yi shekara da shekaru ƙulle a tsumma shi kaɗai, tana murza shi da babban yatsa har ya yi sulɓi. Bayan rasuwar Ɗahiru aka sake rufin ɗakinta, masu kwashe kaya suka kwance tsumman suka juye shi cikin 'yan'uwansa a gwangwani. Idonta ya yi yana, yatsa ba ya jin tsagar. Tun daga lokacin ba ta san wanne ne nata ba, kuma abin yana cinta fiye da yadda take nunawa.

Lukuman ya ji tausayinta, amma jika ba ya nuna wa kaka tausayi a fili, ai sai ta raina shi.

"Wato kin taso ni tun daga Gusau in nemo miki kyautar tsohon saurayi? Ni da ke ci da ke?"

"Ci da ni? Yaushe rabon da in ga ko gishirinka? Wanda yar riga ka barci dole shi riga ka tashi."

"Baduku fa. Mutum yana warin jima."

"Ya hi mai warin batir. Buɗe gwangwanin nan ka bar min surutu."

Ya buɗe, ya leƙa ciki. Kuɗin nan kaf suna ƙyalli kamar jiya aka buga su: anini, kobo mai huji, taro mai kusurwoyi, sisi, da sulalla rututu. Ya tambaye ta me ya same su. Ta ce, cikin alfahari kuwa, jiya wuni ta yi tana dirza su da toka da lemun tsami, don ita a saninta ba wanda ke zuwa hoto bai yi wanka ba.

Yaro ya dafe kai. Ya yi mata bayani cewa masu tara irin kuɗin nan dattin tsufan suke so, da tsohuwar zuma ake magani, wanda aka wanke kuwa ko kallonsa ba sa yi. Ta ce to lallai abokansa ƙazamai ne, ta gane inda ya samo halin. Ya maƙala gilashin, ya ɗora sule ɗaya a tafin hannu ya danna. Fitilar waya ta haska, hoto ya fito fari fat. Ya kashe fitilar ya sake, hannu ya yi rawa, hoto ya fito kamar an kalli abu ta cikin kunu. A karo na uku ne fuskar ta fito, sai ga ta duk zane-zane, kaca-kaca.

"Kin ga aikinki? Sarauniya guda kin mai da ita Bagobira. Garin neman gira kin rasa ido."

Ya faɗa ne da wasa, amma maganar ta sauka inda bai nufa ba. Inna Yelwa ta janye hannunta daga gwangwanin a hankali.

"Kana nuhin na goge shi? Da hannuna?"

Bai so ya yi mata ƙarya ba. Ya ce basilla ta fi toka shiga, sai an gwada akan san na ƙwarai. Ya kuwa tashi ya shiga aiki kamar mai gaskiya. Ya ce ta ba shi baƙin ƙyalle, ta cire ɗankwalinta ta jefa masa, ta ce ga abin da aurensa ya jawo mata, tsiraici da tsufa. Ya shimfiɗa shi a kan kujerar tsugunne. Ya kifa gwangwanayen madara biyu ya gitta wayar a kansu don kada ta motsa, ya sa ta ta riƙa ɗauka da kanta bayan ya janye yatsa. Ya jawo komai bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe, ya ba tsohuwa murfin samira ta riƙe don ya mayar da hasken ɗaya ɓangaren.

"Ɗaga kaɗan. Ba a fuskata ba, ni na san ina da kyau."

"Kyau? Da wanga hanci kamar an taka tumatir? Ran sunanka sai da munka ruhe ka da zane don kada baƙi su koma."

"Amma kika nace sai ni."

"Sadaka nay yi."

Haka suka yi ta yi. Ya ɗora sule, ya juya shi sannu a hankali har haske ya kwanta a kumatun, ya ɗauka, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya girgiza kai, ya ajiye gefe. Tsakanin wannan da wancan ita kuma bakinta ya buɗe. Ta ɗauki kobo mai huji ta ce irinsa suke zurawa a zare su ɗaura a ƙugu ranar kasuwa don kada ya faɗi. Ta tuna motar katako da ta kawo ta Bungudu tana amarya, yadda ta mace musu a Gusau suka wuni a tasha, ango yana ta sayo mata rake don kunya ta hana shi magana. Ta ce mutumin nan bai iya zance ba ko kaɗan, abin da zai faɗa sai dai ya yi shi da hannu. Lukuman bai taɓa jin ta yi maganar kakansa haka ba, don haka ya rage tsokana, ya bar ta tana yi.

Aka yi azahar, aka ci tuwo, aka koma. Tulin waɗanda aka duba yana girma, na cikin gwangwani yana raguwa, zolayar ma ta fara ƙarewa. Hannunta ya gaji da murfin amma ta ƙi ajiyewa. Can ta ce masa in bai gani ba ya faɗa mata gaskiya, kada ya zaɓi wani ya ce shi ne don ya faranta mata, ita ba yarinya ba ce.

"Ni in taya kishiyata? Allah ya sa ma kar a gan shi."

"Namiji da kishiya. Ka ji ragon miji."

Rana ta karkata, haskenta ya shigo ɗakin a kwance. Ya ɗora wani sule da ya fi sauran lalacewa, har rubutun gefensa ya shafe. Ya juya shi, ya ƙara juyawa, sai ya tsaya. Ƙananan zanen toka sun bi ta ko'ina, amma a ƙarƙashinsu akwai layi ɗaya da ya fi su zurfi, ya taso daga gefen hanci ya gangaro kumatu a karkace, da 'yar inuwarsa. Ya ɗauka. Ya buɗa hoton har kumatun ya cika fuskar wayar, ya ƙure haskenta, ya sa mata a hannu.

Ta kai wayar dab da idonta na dama, wanda ya fi gani. Ta daɗe a haka. Sannan ɗaya hannun ya tashi da kansa ya sauka a kumatunta, inda nata billen ya nutse cikin tamoji.

"Ga ni," ta ce. "Hannunshi ya yi rawa nan ƙarshe. Ina tsaye kanshi sa'adda yaj ja shi."

Lukuman ya sa mata sulen a tafi, ta dunƙule. Ya ga idonta ya kawo ruwa, ya san in bai yi magana ba shi ma nasa zai kawo.

"Gaskiya ta fi ki kyau. Ita ko haƙoranta ba su zube ba."

"Bakinta ruhe yake, ina kag ga haƙoran? Maƙaryaci." Ta share ido da gefen zane. "Ka tahi Gusau ka wanko min hoton babba. Ka sa mashi gilashi, ka rataye min kusa da na kakanka. Ba mu taɓa tsayawa hoto tare ba."

"Ni da hannuna in rataye matata kusa da wani ƙato? Da aurena a kanki?"

Inna Yelwa ta yi dariya har da tari. Ta tattara sauran kuɗin, anini da sisi da sulalla, ta zuba a gwangwanin, ta danna murfi ta tura masa da ƙafa.

"Ungo sadakinka, na hwanshi kaina. Sake ni in koma ma mijina."